Yadda Ake Haɗa Miyar Cuku Ta Faransa

Masu ta tambayata yadda nake yin farar miyar nan da Faransawa ke kira Mornay, to ga ta.

Kayan haɗi: bota gram 30, fulawa gram 30, madara rabin lita, cukun Gruyère (wani cukun Turawa mai tauri) gram 100, gishiri, masoro, gyaɗar ƙamshi.

1. Ki goge cukun ki ajiye gefe.
2. Ki ɗumama madarar.
3. Ki narka bota a tukunya mai kauri, wuta kaɗan-kaɗan.
4. Ki zuba fulawa ki yi ta juyawa minti 2. Kada ki bari ta yi ja.
5. Ki riƙa tsiyaya madarar kina burgawa da maburgi.

Hattara, nan ake yawan ɓata ta. In kika juye madarar gaba ɗaya, gudaji za ki sha.

6. Ki bar ta ta yi kauri, har ta kama bayan cokali.
7. Ki sauke tukunyar.
8. Ki zuba cuku kina juyawa har ya narke. Kada ta sake tafasa, mai zai rabu ya taso sama.
9. Ki ɗanɗana kafin ki sa gishiri, cukun na da nasa.
10. Ki barbaɗa masoro da 'yar gyaɗar ƙamshi.

Ni a kan makaroni na fi son ta, da zafinta.