Darasi na 9: In kare ya ci kyandir

Lokacin zafi a Maradi, in wuta ta ɗauke, gidaje da yawa buji suke kunnawa, wato kyandir. Gari na wayewa sai a nemi guntun da aka bari bakin tabarma a rasa, ga kare can gindin bedi yana lasar baki.

Kada hankali ya tashi. Yawancin kyandir na kasuwa da kakin da ake samu daga man fetur ake yin shi, kuma ba guba ba ne. Cikin kare ba ya narkar da shi. Yakan fito cikin kashi a kwana 1 ko 2, wani sa'in da ɗan zawo.

Abin tsoro shi ne lagwani. Zare ne, yana iya naɗewa a hanji ya yanke shi. In kun ga zaren ya leƙo ta bayan kare, don Allah kada ku ja. Ku bar shi ya fito da kansa, ko ku kai karen wurin likitan dabbobi. Babban guntu ma yana toshe hanji, balle ga ɗan kwikwiyo. Kyandir mai ƙamshi da na korar sauro kuwa suna da mai a ciki wanda ke ɓata ciki, sai a nuna wa likita kwalinsu.

Akwai masu ɗura wa kare ruwan gishiri don ya yi amai. Wannan ɗabi'a tana ba ni tsoro ƙwarai, domin gishiri mai yawa yana kashe kare, alhali kakin da ya ci ba guba ba ne. Haka maganin ciwon kai na mutane, kada a ba shi ko rabin ƙwaya.

Ku aje mashi ruwa mai tsabta a inuwa, ku ba shi abinci kaɗan-kaɗan, ku riƙa duba kashinsa. In yana ta amai, ko ya ƙi abinci, ko cikinsa ya kumbura, ko yana yunƙuri kashi bai fita, ku tafi asibitin dabbobi ranar nan, kada a jira gobe.

Kada ku sa hannu bakinsa don ƙwato guntun. In ya ciji mutum, a wanke wurin da ruwa da sabulu minti 15, sannan a nufi likita saboda ciwon haukan kare.

Aikin gida: ku rubuta alamu 3 da za su sa ku kai kare asibiti.