Sabon katin girafik a ƙaramin akwatin kwamfuta: kurakuran da aka fi yi da gyaransu

Ɗan yayata ya kira ni bayan sallar isha'i, murya a sanyaye. "Kawu, katin ya shiga, amma murfin ya ƙi rufuwa." Wata da watanni yana tara riyal daga aikin da yake yi a nan Jidda kafin ya sayi katin girafik ɗin, wato na'urar da ke sarrafa hoton da kwamfuta take nunawa a allo. Da na isa na tarar katin ya zauna daram a gurbinsa, sai dai wayar wuta ta turo kai waje kamar faɗin yatsa biyu, shi kuma yana danna murfin da gwiwa. Na ce masa ya ɗaga ƙafarsa tun bai yi asara ba.

Tsawo kaɗai ya auna, kuma yawancin mutane haka suke yi. Kati yana da tsawo, yana da kauri, yana da faɗi, sannan wayar da za ta shiga gefensa ita ma tana son nata wurin. RTX 4090 na kamfanin Nvidia kansa milimita 304 ne a tsawo, yana cin gurbi uku na ramukan da ake soka kati a bayan akwati, amma wasu kamfanonin sun ƙera nasu har ya haura milimita 350. Suna ɗaya, jiki daban. Akwati irin NR200 na Cooler Master yana ɗaukar kati har milimita 330, don haka wani 4090 zai shiga, wani ko da addu'a ba zai shiga ba. Kafin ka nufi shagunan titin Khalid bin Walid, ko kasuwar kwamfuta ta Ulayya idan a Riyad kake, ɗauki tef ka auna cikin akwatinka bayan ka ɗaura fankoki da na'urar ba da wuta. Kowane gurbi kusan milimita 20 ne. A 2024 Nvidia ta fitar da ma'aunin da ta kira SFF-Ready: katin da bai wuce milimita 304 a tsawo, 151 a faɗi da 50 a kauri ba. Ganin wannan alama yana rage zullumi, amma ni sai na auna da hannuna.

Maganar wayar nan ita ce ta fi ba ni tsoro. Manyan katunan Nvidia na yanzu suna amfani da kan waya mai haƙora 16, wanda aka yi don ɗaukar wuta har wat 600. Bayan fitowar 4090 a Oktoban 2022 aka riƙa ganin hotunan kawunan da suka narke, kuma binciken da Nvidia ta yi ya nuna yawanci ba a tura wayar ta shige har ƙarshe ba. Idan haƙoran ba su kama sosai ba, wutar sai ta taru a kan kaɗan daga cikinsu, su yi zafi, roba ta narke. Daga baya an gyara ƙirar zuwa 12V-2x6, duk da haka RTX 5090 na 2025 yana jan wat 575, kusan iyakar abin da wayar ke iya ɗauka. Tura ta har ka ji ta yi ƙas, ka haska fitilar wayar hannu ka tabbata babu rata ko ta gashi. Ka bar kamar milimita 35 a miƙe kafin ka lanƙwasa ta. Murfin da sai an danne shi yake rufuwa, kullum yana jan kan wayar nan gefe, a hankali yake kwance ta. Idan na'urar ba da wutarka tana da nata wayar mai haƙora 16, yi amfani da ita ka ajiye jelar da ta zo cikin kwalin katin. Kada kuma ka ari wayar wata na'ura don kawai ta shiga ramin, domin jeren haƙoran ba ɗaya ba ne a duk kamfanoni.

Ita na'urar ba da wutar, Nvidia ta ba da shawarar wat 850 ga 4090, wat 1000 ga 5090. Araha ba ta ado a nan. Lura kuma, a cikin na'urorin ba da wuta na ƙananan akwatuna, samfurin SFX-L ya fi samfurin SFX tsawo da milimita 30, a wasu akwatunan daga wurin katin yake cin wannan.

Wani abin da ke sa mutum ya koma shago da faɗa alhali katinsa lafiya lau: wayar raiza, wadda ke haɗa kati da madabod, babban faifan da sauran kayan kwamfuta ke jone da shi, a akwatunan da ake sa su baya da baya. Idan ta tsohon ma'aunin haɗi ce, wato PCIe 3.0, sabon kati na iya ba ka baƙin allo. Shiga BIOS, wato shafin saitin madabod, ka mayar da gurbin zuwa Gen 3 don ya dace da tsohuwar wayar, ko ka sayi sabuwar raiza.

Sai iska. Mu nan gidajenmu shimfiɗe suke da kafet, zamanmu na ƙasa ne, kwamfutar ma sai a dire ta a gefen matashi. To yawancin ƙananan akwatuna ta ƙasa katin yake shaƙar iska, kafet kuwa toshe ƙofar yake, ya ƙara masa da ƙura da zare. Ɗora ta a kan tebur, ko aƙalla a kan katako. Murfin gilashi yana da kyan gani, amma idan fankokin katin suna fuskantarsa da ratar yatsa ɗaya, ka shaƙe su; sa murfi mai huji-huji. Na sha ganin fankar da aka ɗaura a juye, tana kokawa da ta katin. Gefen da ke da sandunan da suka riƙe injin fankar, ta nan iska take fita. Ta ƙasa ta shigar, ta sama ta fitar.

Alƙaluman zafin da kake gani a YouTube kuwa, yawanci a ɗaki mai digiri 20 da 'yan kai ake auna su. Duk digirin da ɗakinka ya ƙaru, kusan haka katin zai ƙaru. A Riyad da rani waje yakan kai 45, kai kuma ka kashe mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, ka fita ka bar kwamfuta tana haɗa bidiyo, katin wat 450 yana hura ɗakin kamar murhu. Katunan Nvidia da dama suna fara rage gudu da kansu a wajen digiri 83. A ganina mafi sauƙin magani shi ne ka buɗe manhajar saita kati ta MSI Afterburner ka sauke iyakar wuta zuwa kashi 80 cikin ɗari. Gudun da za ka rasa da wuya idonka ya gane, zafi da ƙugin fanka kuwa nan take za ka ji sun sauka. Bayan kowace guguwar ƙura ka cire rariyar akwatin ka wanke, ka bari ta bushe sarai. In za ka hura katin da iska, riƙe fankar da yatsa kada ta yi ta juyi.

Shi ɗan yayata, a ƙarshe waya muka sauya masa da mai laushi wadda ta dace da na'urarsa, murfin ya rufu ba tare da gwiwa ba. Kwamfutar kuma ta koma kan teburin da mahaifiyarsa ke ajiye flas ɗin shayi, har yanzu suna rigima a kai.