Koyon mod a jitar bes: fara da D, ka zauna a kanta

Wata huɗu na ɓata ina haddace mod bakwai kamar karatun allo. Mod jerin sautuka ne da ake bi daga wani sauti na farawa, kowanne da irin launin kiɗansa. In fara daga C in ce Ayoniyan, in fara daga D in ce Doriyan, haka har Lokiriyan. Yatsu sun iya, kunne kuwa bai ji bambanci ba, don sautukan C ɗin nan bakwai nake ta juyawa. Ranar da mai piyanonmu ya ce in ba shi Doriyan, sai ga ni ina ƙirga yatsu a gaban mutane.

Kai kada ka bi ta nan. Zaɓi tushe ɗaya, wato sautin farawa, ka zauna a kansa. Ni D na ɗauka.

Tsirkiyoyinka huɗu ne: E, A, D, G. Gaɓa ita ce tazarar da ke tsakanin ƙarafan wuyan jitar. Ɗora manuni a gaɓa ta 5 ta tsirkiyar A, sautin D ke nan. Buga 5, 7, 8 a nan, sai 5, 7, 9 a tsirkiyar D, sai 5 da 7 a ta G. Doriyan ke nan: D, E, F, G, A, B, C, D. Ƙaramin yatsa zai yi tsami wajen kai wa 9, ka matsar da hannu kaɗan, ba gasa ake yi ba.

Wannan 9 ɗin, wato B, ita ce gishirin Doriyan. Ja ta baya zuwa 8, ka koma Ayoliyan, kiɗan ya yi nauyi kamar an rage fitila. Yi ta sauya su, 9, 8, 9, 8, kana dawowa kan D, kana rera kowace da baki, har kunnenka ya raba su ido a rufe. Na yi mako biyu a kan wannan kaɗai, na tsawon minti 15 bayan Isha'i, lasifika a kashe saboda maƙwabta.

Daga Doriyan, tura F ta tsirkiyar A daga 8 zuwa 9, ka sami Miksolidiyan. Daga Ayoliyan, sauke E ta tsirkiyar A daga 7 zuwa 6, ga Firijiyan.

Sannan ka bar tsirkiyar D tana gunji babu yatsa a kanta, ka yi yawo a tsirkiyar G kaɗai kamar mai kuntigi, daga gaɓa ta 7 zuwa sama.

Lokiriyan kuwa ka ajiye ta sai ƙarshe. Ni dai har yau ba a taɓa neman ta wurina a wajen biki ba.