Yadda ake amfani da kalmar “deliberately” a jumlar Turanci

Kalmar “deliberately” bayanau ce a Turanci, wato kalmar da ke bayyana yadda aka yi wani aiki, kuma ma'anarta da aka fi sani ita ce abin da muke cewa “da gangan”. Tushenta yana komawa ga kalmar Latin “libra”, wato ma'auni, saboda haka tana nuna mutumin da ya auna abu a zuciyarsa kafin ya aikata shi.

Abu na farko da mai koyo zai kiyaye shi ne mazauninta a jumla. Ana iya sanya ta gaban aikatau, wato kalmar da ke nuna aikin, kamar a “He deliberately broke the cup”, ko a ƙarshen jumla, kamar a “He broke the cup deliberately”, duka biyun kuwa suna nufin ya fasa kofin da gangan. Wurin da ba ta shiga shi ne tsakanin aikatau da karɓau, wato abin da aikin ya faɗa a kansa, don haka “He broke deliberately the cup” kuskure ne, ko da yake mai sauraro zai gane abin da ake nufi. Idan akwai ɗan taimakon aikatau irin su “has” ko “was”, sai ta zauna tsakaninsa da babban aikatau, kamar yadda jaridu kan rubuta “The fire was deliberately started” idan ana zargin cewa wani ne ya cinna wutar da hannunsa.

Inda aka fi tuntuɓe, a ganina, shi ne wajen korewa, domin ɗan matsar da kalmar yakan juya ma'anar gaba ɗaya. Wanda ya ce “She deliberately did not greet him” yana nufin ta ƙi gaishe shi ne da gangan, ta gan shi sarai ta kau da kai. Wanda kuma ya ce “She did not deliberately ignore him” yana wanke ta ne, yana cewa ba da gangan ta share shi ba. Dabarar ita ce a duba abin da ya biyo bayan “not”: idan “deliberately” ce, to gangancin ake korewa, idan kuma ta riga “not” zuwa, to ƙin yin abin ne aka yi da niyya.

Tana da ma'ana ta biyu da ɗalibai kan manta, wato yin abu a tsanake, ba gaggawa. A jumlar “The judge spoke slowly and deliberately”, ba ana zargin alƙalin da gayya ba ne, ana nufin ya yi magana cikin natsuwa yana auna kowace kalma. Wannan ma'anar galibi tana zuwa bayan aikatau, sau da yawa tare da “slowly”.

A hira ta yau da kullum Turawa sun fi cewa “on purpose”, wadda takan zo a ƙarshen jumla, yayin da “intentionally” ta fi dacewa da takardun ofis da na shari'a. Sai a yi hattara da “purposely” da “purposefully”: ta farko tana nufin da gangan, ta biyu kuwa tana nufin da azama, kamar mai tafiya ya san inda ya dosa.