Kokwambar Armeniya: inda masu lambun gida suke tuntuɓe

Wannan doguwar kokwamba mai tsaga-tsaga a jiki, wadda a Sudan ake kira ajjur, a ƙasashen Sham kuma fakkus, tsohon iri ne da manoma suka daɗe suna ajiyewa hannu zuwa hannu. Sunan ne kawai kokwamba, asalinta 'yar gidan su gurji ce. Shi ya sa take jure zafin bazara da ke kwantar da kokwambar kasuwa, kuma daga nan ne kuskuren da ya fi ciwo yake tasowa.

Mutum zai shuka ta gefen gurji, ya ajiye iri, baɗi ya ga 'ya'ya sun fito ba nan ba can. Ƙudan zuma ne suka kwashi garin fure daga wannan suka kai wa wancan. Da kankana ko kokwamba ta gaske ba ta gauraya, amma da gurji kam sai dai a yi haƙuri. In iri kake so, kada su yi fure tare a lambu ɗaya. In ba makawa, ɗaure furen mace da yamma kafin ya buɗe, da sassafe ka goga masa furen namiji na irinta, ka sake ɗaurewa, ka sa wa wannan ɗan alama da zare.

Sai rikicin lokacin tsinka. Wasu suna barinta ta kusa kai mita don a yi kallo, alhali a lokacin ciki ya yi laushi, ƙwayoyin sun yi tauri, uwar kuma ta rage haihuwa. Wadda za a ci ana cire ta ne tana santimita 30 zuwa 40. Ta iri ita ce akasin haka: a bar ta sai ta yi rawaya ta yi taushi, a wanke ƙwayoyin, a shanya a inuwa. Irin da aka cire daga ɗanya holoƙo ne.

Na ga masu tumɓuke shuka saboda furanni suna zubewa. Furen namiji ne ke fara fitowa, kuma dole ya zube. Na mace yana da ɗan ƙaramin ɗa a gindinsa. Abin da zai hana ka samun 'ya'ya shi ne fesa magani da hantsi lokacin da ƙudan zuma ke aiki. Bari sai yamma.

Dashe ba ya yi mata, saiwarta ba ta son taɓi, a shuka ta inda za ta zauna. Ban ruwa a gindi, ba a kan ganye ba. A yi mata rumfa ta hau, 'ya'yan su miƙe, in ba haka ba sai su nannaɗe a ƙasa kamar maciji.

Kuma don Allah a daina fere ta. Bawon siriri ne. A yanka da shi, a barbaɗa garin ƙuli-ƙuli, yaji da ɗan gishiri, a matsa lemun tsami.