Kafin ku ɗora hoto a shafin aikinku

Ɗalibai masu haɗa shafin intanet, don Allah ku daina kwaso hotuna kai tsaye daga Google. Nuna muku kawai yake yi, hoton da mai shi. Ku leƙa Wikimedia Commons, shafin da ake tara hotunan da aka yarda a yi amfani da su, ku karanta lasisin da ke ƙasan kowane hoto, wato sharuɗɗan amfani da shi. In lasisin mai suna CC BY ne, wajibi ku rubuta sunan mai hoton, da lasisin, da inda kuka samo shi. In kun yanke ko kun sauya launi, ku faɗa. Lasisin CC0 kuwa bai tilasta ambaton mai hoton ba, amma ni dai ina ambata, kada malami ya zaci ni na ɗauka. Ku rubuta bayanan tun ranar da kuka sauke hoton, don daren miƙa aiki ba za ku tuna ba.