Yadda Ake Ƙiyasta Tsawon Lokacin Tafiyar Jirgin Sama Tsakanin Filaye Biyu

Da farko a nemo nisan da ke tsakanin filayen jiragen biyu, amma kada a auna shi da miƙaƙƙen layi a kan taswira, domin duniya a mulmule take, kuma hanya mafi kusa takan fito a lanƙwashe idan an zana ta a takarda. Shi ya sa jirgin Landan zuwa Los Angeles yakan ratsa ta wajen tsibirin Girinlan da ke can arewa.

Daga nan sai a raba nisan da gudun jirgin fasinja, wanda yakan kai kimanin kilomita 850 a awa ɗaya, sannan a ƙara rabin awa saboda tashi da sauka. Tsakanin Singafo da New York akwai kimanin kilomita 15,300, wato tafiyar da ta haura awa 18.

Iska ce ke dagula lissafin. A can sama akwai wata iska mai ƙarfi da ke kaɗawa daga yamma zuwa gabas, saboda haka zuwa New York daga Landan yakan ci kusan awa 8, dawowa kuwa kimanin awa 7.

Lokutan da ke kan tikiti na agogon kowane gari ne, don haka a daidaita bambancinsu kafin a ƙirga awannin.